Daga Sakkwato Zuwa Ƙonni Ta Illela: Motocin da Ke Bin Ranar Kasuwa

Jihar Sakkwato ba ta da jirgin ƙasa. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929 bai ƙara gaba ba, don haka kusan duk abin da zai motsa a wannan yanki, mutum ne ko sa ko buhun albasa, a kan taya yake tafiya. Abin da ya sa ke nan na ƙudura in bi hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta yi arewa zuwa Illela, garin da babbar hanyar A1 ta tuƙe bayan ta taso tun daga Legas, in ga su wa ke hawa, me suke hawa, kuma ina motocin suke kaiwa. Wani abokin aikina Basakkwace ya ce in dai sufuri nake son gani, kada in je sai Lahadi, ranar kasuwar Illela.

Ƙarfe shida da rabi na safe, cikin hazo da sanyi mai shiga ƙashi, ɗan kabu-kabu ya sauke ni a Tashar Illela, na ba shi naira 500. Tun daga nan na san na bar gida. Mu a Kano tun 2013 aka hana babur ɗaukar fasinja a cikin birni, har jikina ya manta yadda ake zama a bayansa, a nan kuwa babur ne ƙafar kowa.

Tashar ba ta da allon da ke nuna lokacin tashi, kuma ban ga wanda ya damu da rashinsa ba. Tsarin ƙungiyar direbobi ta NURTW ne ke aiki. Mota tana shiga layi gwargwadon wadda ta riga isowa, ɗan kamasho ya tsaya a bakinta yana kiran fasinja yana karɓar kuɗi, a rubuta sunanka da lambar wayar wani naka a takarda saboda ɓacin rana. In ta cika sai a cire kason ƙungiya da na kamasho, a miƙa wa direba sauran, ta bayanta ta matso. Motocin Golf ne da Sharon, sai 'yan bas-bas ƙirar Hiace, kusan duka sun ga jiya sun ga yau. Ta kan layi Golf ce, kuɗin kujera naira 3,000, mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya.

Na tsaya ina kallon yadda ake yi mata lodi, don aikin ya isa kallo. An fara jera katan-katan na taliya a ƙasan but, aka ɗora injin ban ruwa a naɗe cikin buhu, sannan dami biyu na bokitan roba da aka zura cikin juna. Da murfin but ya ƙi rufuwa sai yaron mota ya bar shi a ɗage, ya sa katako ya ƙara wa wurin tsawo, ya ɗora buhun takin zamani a kai, ya ja igiyar roba ya ɗaure tamau har bayan motar ya kusa taɓa ƙasa. Kowane kaya da kuɗinsa, kuma cinikin kayan ya fi na kujera zafi. Mai injin ban ruwa ya biya wa injinsa naira 1,500 bayan doguwar jayayya. Minti ashirin bai cika ba muka tashi, ƙarfe bakwai saura kwata.

Da muka fita gari muka haye kogin Rima, fadama shimfiɗe dama da hagu, albasa da tattasai kore shar a tsakiyar rani. Kware ce babban gari na farko, kimanin kilomita 20 daga Sakkwato, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake, sai Gwadabawa gaba da ita. Daga nan ƙasar ta fara sauya kama: bishiyoyi suka ragu, ƙaya da jan dutse suka ƙaru, rumbunan ƙasa masu hular ciyawa suka yawaita a bakin ƙauyuka. Kwaltar ba laifi a mafi yawan wurare, sai dai inda manyan motoci suka cinye gefenta, direba kan kauce ya hau tsakiya.

Mu huɗun baya, kafaɗa kan kafaɗa, kowa da dalilin tafiyarsa. Na damana dillalin shanu ne da bai sauke waya daga kunne ba. Na haguna saurayi ne mai sayar da caja da batir da murfin waya, jakarsa a kan cinya. Ya ce mini mako nasa a rabe yake tsakanin kasuwanni, kowane gari da ranarsa, Lahadi Illela, Laraba Ƙonni ta Nijar, kuma kuɗin mota ne ke fara cin ribarsa kafin ya ci. A can ƙurya wata dattijuwa ce 'yar Ƙonni da ta kwana biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗanta na zaune a gaba yana ta waiwayowa yana cewa, "Inna, sannu, mun kusa."

Shingayen jami'ai kuwa na fara ƙirga su, da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne na bari. Wasu su ɗaga hannu mu wuce, wasu su leƙo su dubi fuskoki, wasu direba ya fita ya zagaya bayan mota ya ce "Yallaɓai, barka da aiki", ya dawo yana gyaɗa kai. Na tambaye shi ko sana'ar na biya. Ya ce, "Malam, ran Lahadi sawu ukku nika yi in an dace. Sauran ranakku ko, guda ma sai da addu'a. Kuma tun da anka cire tallahin mai, rabin abin da munka amsa gidan mai shika zuwa." Cire tallafin da yake nufi shi ne na ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ninka kuɗin mota a ko'ina cikin Najeriya. Ya ƙara da cewa shi magariba ba ta riskarsa a hanya. Ban nemi ƙarin bayani ba. Kowa a motar ya san halin da gabashin jihar ke ciki da 'yan bindiga, ya kuma san labarin 'yan ta'addan Lakurawa da rundunar soja ta bayyana a Nuwamban 2024 a yankin Tangaza da Gudu. Rashin tsaro ya rage wa ranar aikin direba tsawo, daga asuba zuwa la'asar sakaliya.

Mun shiga Illela ƙarfe takwas da rabi, wato awa ɗaya da minti arba'in da biyar a tafiyar da ba ta wuce kilomita 85 ba. Na sauko ƙafata ta hagu ta yi tsami, sai da na jingina da mota na ɗan lokaci.

Wanda ya dubi taswirar Najeriya zai ɗauka Illela ƙarshen hanya ce, ɗigo ɗaya a can saman takarda. Ranar Lahadi sai ka ga akasin haka. Hanyoyi ne suka taru a garin ta kowace kusurwa, kuma kowace da irin abin hawanta. A bakin kara, inda ake cinikin shanu da raƙuma da tumaki da awaki, tireloli da manyan motocin Daf sun yi sahu, gindinsu a jikin tudun lodi, ana kora shanu ciki da ihu da sanda. Waɗannan kudu za su, Ibadan da Legas da sauran garuruwan da ke cin naman arewa, tafiyar kwana biyu ko fiye, masu kula da dabbobin a zaune kan katakon da aka gitta a sama. Gefe guda motocin Kanta ne da a-kori-kura da suka kwaso mutanen ƙauye tun da duku-duku, maza a tsaye riƙe da ƙarfe, mata a zaune kan buhuna. 'Yan kamasho na kiran Gada, Gwadabawa, Kalmalo, Araba, Gidan Hamma. Sai amalanken shanu da na jakuna da ke ɗauko kaya daga inda mota ba ta shiga, da raƙuman da suka zo da kayansu a doro. A tsakanin duk waɗannan babura ne ke saƙa, ba su san cunkoso ba.

Na zauna a rumfar mai shayi kusa da inda motocin ƙauye ke tsayawa, na yi hira da wani dattijo da ya zo sayar da awaki biyu. Na ce, "Baba, in ba ranar kasuwa ba, yaya kuke fitowa gari?" Ya yi dariya ya ce mota ba ta san ƙauyensu ba sai Lahadi. In mace ta kama naƙuda ta yi tsanani ranar Talata, babur ne, shi ma in an samu mai mai a tanki. Da damina kuma, in rafi ya kawo, sai haƙuri. Maganarsa ta fi duk abin da na gani a ranar bayyana mini yadda sufurin yankin yake. Bakin kwalta akwai mota kullum, ko da za ka jira. Da ka sauka daga kwalta, faɗin inda mota ke kaiwa ya danganta da ranar mako: yau ya miƙa har ƙauyukan bakin iyaka, gobe ya tsuke ya koma layi ɗaya tsakanin Illela da Sakkwato. Ba gwamnati ce ta tsara hakan ba, ba kuma kamfani ba. Direba yana bin inda kaya da mutane suka taru ne, kasuwa kuwa ita ke tara su.

Dillalin da muka zo tare na sake cin karo da shi da azahar a kara, ya ce cinikin ba kamar da ba. Dabbobi da yawa daga Nijar suke shigowa, kuma a 2025, gab da babbar Salla, gwamnatin can ta hana fitar da su. Duk matakin da aka ɗauka a Yamai ko Abuja, in ji shi, direban tirela a Illela ne ke fara jin sa a aljihu.

Na kwana a wani ƙaramin masauki kan naira 8,000, ba wuta, sauro kuwa bai san ana sanyi ba. Da safe na koma inda aka yi hadahadar jiya, na tarar da fili fayau, sai ledoji da kashin shanu da motoci uku a layi, direbobinsu a kwance kan benci.

Tsallakawa Ƙonni aikin kabu-kabu ne. Akwai ƙananan motoci da ke yi, amma sai sun cika, babur kuwa kai kaɗai ka ishe shi. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 10 ba, muka daidaita da wani matashi a kan naira 1,500. A ofishin shige da fice na nuna takarduna aka buga hatimi, haka a ɓangaren Nijar, inda jandarma ya yi mini tambayoyinsa da Hausa tsantsa. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma mutanen garuruwan nan biyu na ci gaba da zirga-zirgarsu, don wannan na da gona a can, wancan na da suruki a nan. Muna tsaye wani babur ya wuce mu ɗauke da buhu huɗu, biyu a baya, ɗaya a kan tanki, ɗaya a gicciye tsakanin ƙafafun mai tuƙin, shi kansa a ɗosane a ɗan gurbin da ya rage, da ƙyar yake hango gabansa.

Wanda ya goya ni ya ce bai taɓa samun kuɗi kamar lokacin da aka rufe iyaka ba. Sau biyu aka yi hakan a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe guda huɗu, Seme da Mfum da Maigatari da Illela. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, har zuwa Maris na 2024. A duk lokutan biyu manyan motoci ne suka yi cirko-cirko makonni da watanni, kaya na lalacewa, direbobi na cin bashin abinci. Babura kuwa sai suka bi ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, kuɗin goyo ya ninka. "Ƙohwa ɗaya anka ruhe, Malam," in ji shi, "daji ko ba shi da ƙyaure."

Ita kanta iyakar, in aka bi tarihinta, maganar hanya ce ta ajiye ta a nan. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ya jefa Ƙonni a rabon Ingila, ya kuma tura Faransawa can arewa inda ba rijiyoyi. Suka koka cewa ba su da hanya mai ruwa da ayarinsu zai bi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka gyara layin a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma hannunsu. Kafin nan ma, a 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta riga ta bi ta garin ta ƙone shi ta karkashe mutanensa. Hanyar da Faransawa suka nema ita ce a yau babbar hanyar Nijar ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Damagaram har Diffa.

A bakin wannan hanya na ga abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar. Minti ashirin kacal daga tashar da ba ta san agogo ba, sai ga ni a duniyar tikiti. Kamfanonin manyan bas irin su Rimbo da STM da Al Izza da Sonef kowanne da tasharsa, da taga ta sayar da tikiti, da rumfar jira, da wurin alwala da salla. Na shiga ɗaya na zauna. Mai sayar da tikiti yana karɓar katin shaida ya rubuta suna, a liƙa wa kowace jaka lamba a ba mai ita rabin takardar. Aka ce mini bas ɗin da ya baro Yamai da asuba, tafiyar kusan kilomita 420, zai iso kafin azahar, ya kuwa iso sha biyu saura. Fasinjoji suka sauko suka yi alwala, suka sayi gasasshen nama da burodi, yaran kamfani suka buɗe cikin motar suka fitar da kayan masu sauka suna duba lamba, aka kira sunayen masu hawa ɗaya bayan ɗaya. Minti ashirin da biyar direba ya danna oda ya ja, da kujeru biyu ko uku ba kowa. Na tuna Golf ɗinmu ta jiya da ba za ta motsa ba ko da mutum ɗaya ne ya rage.

Ba ina nufin komai na can ya fi namu ba. Su ma suna da tashar ƙananan motoci masu jiran cika, masu zuwa ƙauyuka, kuma lodinsu bai fi namu tausayi ba. Bas ɗin kamfani na tsayawa ne a manyan garuruwa kawai, kuɗinsa kuma da sefa ne, ga shi jaka guda ta sefa ta haura naira 2,000, don haka ɗan Najeriya sai ya yi lissafi sau biyu kafin ya miƙa hannu taga. Amma mutumin da ke da alƙawari a Maraɗi, kimanin kilomita 240 daga nan, zai iya faɗin lokacin isarsa ba tare da ya yi ƙarya ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A rumfar jiran na gane cewa tashoshin Ƙonni na Sakkwatawa ne su ma. Na gamu da wani magidanci daga Gwadabawa zai kai matarsa asibitin mishan na Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma, tafiyar kamar awa guda gabas, an wuce Malbaza mai masana'antar siminti. Ga samari uku da jakunkunan goyo za su Tawa, kusan kilomita 130, ta mararrabar Tsarnawa, daga nan su nufi Agadas neman aiki. Ga wani ɗan kasuwa da zai je Yamai, ya ce ta nan ta fi masa sauƙi da kwanciyar hankali. Dattijuwar jiya ta tsallaka kudu neman magani, wannan magidanci ya tsallako arewa neman magani, duka ta kan babur ɗin da ke haɗa tashoshin biyu. Ba tikiti ɗaya da zai ɗauke ka daga Sakkwato zuwa Tawa. Sai ka hau Golf, ka hau babur, ka canji kuɗi a hannun 'yan canji na bakin iyaka, sannan ka hau bas, amma mutane na yin haka kullum ba tare da sun ɗauke shi wani abu ba.

Na ci shinkafa da miya a bakin tasha kan dala ɗari da hamsin, wato sefa 750, na nemi wani ɗan kabu-kabun ya maido ni Illela ƙarfe biyu.

A tashar motocin Sakkwato da ke Illela na tarar da Sharon a kan layi da fasinja biyu. Zaman jiran ya ba ni damar jin ra'ayin direbobi kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar da aikinta a Oktoban 2024, mai tsawon kilomita 1,068, wadda daga nan Illela za ta tashi ta ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun ta dire a gabar teku. Wani tsohon direban tirela ya ce in ta tabbata, sa zai isa Legas bai rame ba, albasa ba ta ruɓe ba, kuma shi wannan ya ishe shi murna. Mai Sharon ɗinmu bai ɗaga kai daga tayar da yake dubawa ba, ya ce shi fasinjansa daga ƙauye suke fitowa, a gyara musu hanyar da za su iso kwalta tukuna. Ina ganin dukansu biyu suna da gaskiya, sai dai na biyun ba shi da wanda zai kai kukansa Abuja. An kuma taɓo layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wani ya ce wannan rabon Katsinawa ne, aka yi dariya aka bar zancen.

Awa biyu da kwata muka yi muna jira. Da la'asar ta gota direba ya fara duban rana, sai ɗan kamasho ya zo ya ce saura kujera ɗaya, ko mu haɗa kuɗinta mu tashi ko mu ci gaba da zama. Muka haɗa, kowa ya ƙara naira 400 a kan 3,000 ɗinsa, aka cusa buhun wake a gurbin. A Gwadabawa mutum biyu suka sauka, direba ya tsinci uku a bakin hanya, waɗanda kuɗinsu nasa ne shi kaɗai ba kason ƙungiya, muka ƙara matsewa. Mun haye gadar Rima ƙarfe shida da minti goma.